Sharhi kan YouTube: wasiƙar da na daɗe ina jira da kuɗin da suka biyo bayanta

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, kuma shekara uku ke nan ina ɗora bidiyo a YouTube ina nuna wa teloli yadda za su magance ƙananan matsaloli da kansu, kamar keken da ke tsinka zare, ko mai tsallake ɗinki, ko wanda ya yi nauyin takawa saboda rashin mai. Ba neman kuɗi ya kai ni ba, domin a lokacin ban yarda akwai kamfanin da zai ɗauki dalarsa daga Amurka ya aiko wa mutumin da ke bayani da Hausa a rumfa mai cike da tsofaffin kawunan Singer da Butterfly ba. Gajiya na yi da maimaita magana ɗaya ga mutum goma a rana, sai wani yaro a layinmu ya ce zai buɗe mini tasha, duk wanda ya zo da tambaya in tura shi ya kalla.

Ƙa'idar kamfanin tun daga 2018 ita ce, kafin mutum ya fara samun rabo daga tallan da ake sakawa a bidiyonsa, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Bidiyo guda ne ya ɗauki mafi yawan wannan nauyi, wanda na nuna yadda ake daidaita saukar allura da juyawar ƙugiyar da ke kamo zare, aikin da teloli da yawa suke tsoron taɓawa. Bayan an karɓe ni, kuɗi suka fara taruwa kaɗan-kaɗan a shafina, kuma da suka kai dala 10 sai aka sanar da ni cewa Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ya aiko mini wasiƙa ta gidan waya mai ɗauke da lambobi shida, waɗanda sai na shigar da su za a tabbatar da adireshina. Na yi dariya ƙwarai a ranar, ganin kamfanin da duk harkarsa a intanet take ya koma ga ambulan da kan sarki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Mako huɗu suka wuce babu wasiƙa, na nemi a sake aikowa, ita ma shiru, ga shi wa'adin shigar da lambobin wata huɗu ne, bayansa a dakatar da talla. Na fara gaya wa mutanen layinmu cewa abin da nake zargi tun farko ya tabbata, har sai da wani malamin makaranta da nake gyara wa matarsa keke ya karɓi wayata ya duba. A gurbin adireshi, yaron nan sunan unguwa kawai ya rubuta, ya ƙara da "kusa da masallacin Juma'a". Abin da ya fi wannan muni, da imel ɗinsa ya buɗe tashar, kuma sunansa ya sa a matsayin wanda za a biya. Da na kira shi, buɗar bakinsa sai ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, in sun shigo zan kawo maka." Na ce masa, "Ɗana, keken da na gyara da hannuna ba a biyan kuɗinsa a aljihun wani." Sai da na haɗa da yayansa, aka yi zama biyu, sannan ya miƙa mini ragamar tashar, muka gyara suna, malamin kuma ya ara mini lambar akwatin gidan wayarsu.

A kwanakin jiran nan ne na zauna na karanta tarihin kamfanin, domin mai bin bashi yana so ya san wanda yake bi. Matasa uku ne da suka taɓa aiki a PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, wato Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, suka kafa shi a watan Fabrairun 2005, kuma bidiyon farko da aka ɗora, ranar 23 ga Afrilun shekarar, na daƙiƙa 19 ne kacal, Jawed yana tsaye a gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego yana yaba tsawon hancinsu. Na kalle shi ya fi sau biyar, ya kuma rage mini kunyar bidiyona na farko da hannu ke rawa, ƙarar janareton maƙwabci tana danne muryata. Kamfanin bai cika shekara biyu ba Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65 na hannun jari, a 2007 kuma aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin na ga ba sadaka ake ba mu ba, ciniki ne: mu kawo kaya, su kawo rumfa da masu talla, mu ɗauki kashi 55 cikin ɗari, su riƙe 45.

Wasiƙa ta uku ta iso, farar takarda ce ƴar ƙarama wadda ake yage gefenta. Na shigar da lambobin hannuna yana karkarwa, aka karɓa nan take. Da kuɗin suka haura dala 100, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake biya, aka ce za a turo tsakanin 21 da 26 ga wata, kuma wallahi ba a saɓa ba. A shekarun da na yi ina sana'a, na saba da mutumin da zai karɓi kekensa ya ce "gobe in sha Allahu", goben ta kai Sallah biyu. Ganin wanda bai taɓa ganina ba ya biya ni a kwanakin da ya ambata, ba tuni, ba aike, ya girgiza ni fiye da yawan kuɗin.

Bankin da na buɗe asusun dala a cikinsa ne ya so ya ɓata mini wannan farin ciki. Kuɗin sun iso, amma aka riƙe su kwana tara, yau a ce in cike takarda, gobe a ce wanda zai sa hannu ya tafi taro, har wata ma'aikaciya ta tambaye ni wace kwangila na yi wa Turawa. Na ce mata, "Hajiya, allura na koya wa mutane ɗaurawa." Har yau in na tuna sintirin da na yi a ranakun nan, rumfata a kulle, raina yana sake ɓaci.

Da zumuɗi ya lafa na zauna da biro, lissafin ya sanyaya mini jiki. Farashin talla yana bin ƙasar da mai kallo yake zaune, kuma masu kallona teloli ne na Najeriya da Nijar, inda masu talla ba sa zuba kuɗi kamar yadda suke yi a Amurka ko Ingila. Kamfanin ya samu sama da dala biliyan 36 daga talla kaɗai a 2024, amma ruwan ya fi sauka inda aljihun masu saye yake da nauyi. Idan na cire kuɗin data, da cajin waya, da yinin da nake rasawa wajen ɗauka da gyaran bidiyo guda, akwai watannin da gyaran kekuna uku ya fi abin da tashar ta kawo. Ban ga laifin kowa a nan ba, haka kasuwar take, amma masu gaya wa matasa su bar sana'a su rungumi tasha ba su faɗa musu wannan ɓangaren. Ga kuma ɓarayin zaune: wani ya kwashe bidiyona na allura, ya yanke wurin da na ambaci sunan rumfata, ya ɗora a tasharsa. Na cike takardar ƙorafin haƙƙin mallaka da ke cikin shafin, bayan ƴan kwanaki aka sauke shi, amma wanda ke yawo a wayoyin mutane ba ni da yadda zan yi da shi.

Ribar da ban sa a lissafi ba ta ƙofar rumfa ta shigo. Wani tela ya taso tun daga Damagaram da kan keke a cikin buhu, ya ce muryata ya gane kafin ya ga fuskata, kuma saƙonni suna zuwa daga Maraɗi da zangon Kumasi, wasu da hoton keken da ya gagare su. Saboda su ne ban daina ɗorawa ba, ko da yake na rage zuwa bidiyo biyu a wata. Takardar lambobin nan shida tana nan a aljihun teburina tare da sukundireba da kwalbar mai, yaron kuwa tun daga zaman nan daga nesa yake ɗago mini hannu.