Wayar iPhone a matsayin ma'aunin fuska a asibiti: inda ta isa da inda ta gaza

Yaron da ciwon noma, cutar nan mai cinye naman baki da fuska, ya ci wa kumatu a Anka ko Zuru, sai an kai shi asibitin noma na Sakkwato kafin likitan tiyata ya ga girman ɓarnar. Shi ya sa ake sha'awar hoton fuska mai nuna tudu da kwari, wanda za a ɗauka a Gusau ko Birnin Kebbi a tura. Kyamarar gaba ta iPhone, TrueDepth, tun 2017 take watsa ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani, ta gina siffar fuska. Na'urar ɗaukar siffar fuska mai tsada irin 3dMD kuwa tana gama ɗauka cikin ƙasa da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa.

Kafin a amince da wayar, a gwada ta. A sa ɗigo da fensirin gira a kusurwoyin ido, gefen hanci biyu, kusurwoyin baki da tsinin haɓa. A auna tazararsu da kalifa, ma'aunin nan mai haƙora biyu, ba tare da danna fata ba. Sai a ɗauki fuskar sau uku, a buɗe a manhajar MeshLab, wadda kyauta ce, a sake awon. Bambancin da bai kai milimita 2 ba galibi ana karɓarsa a asibiti.

A goshi, kunci da karan hanci wayar tana riƙe amana. Daga nan kuma sai a hankali. Ramin da noma ya bari yana da zurfi, ga yawu yana ƙyalli; hasken bai dawowa daidai, sai manhajar ɗaukar hoton ta lulluɓe ramin da fatar ƙarya mai santsi, mai kyan gani. Wannan shi ne babban aibinta, don wanda bai ga yaron ba zai ɗauka raunin ƙarami ne. Haka take yi wa kafar hanci, bayan kunne da ƙarƙashin haɓa. Gemu kuwa dunƙulewa yake kamar curin laka.

Ɗaukar na cin daƙiƙu da dama, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba ya zama shiru. Ya haɗiyi yawu ko ya kifta ido, leɓe ya fito biyu. A ɗora shi a cinyar uwa, a janye ɗankwali bayan kunne, a goge gumi da man kaɗanya. Kada a ɗauka a tsakar gida, hasken rana yana nutsar da ɗigon. Da hunturu a riƙa share ƙura daga gilashin.

Tsagar gado ta Kabawa da Zamfarawa tana da rana a nan: wajen ɗora hoton bayan tiyata kan na farko, alama ce da ba ta gusawa, muddin an hana manhajar sulɓanta fatar da ke hoton, don kada ta shafe tsagar.

Don bin saɓewar kumburi da bayani ga iyaye, wayar ta biya kuɗinta. Don yanke girman fatar da za a ɗebo a toshe rami, a koma ga kalifa da hoton siti sikan, na'urar asibiti mai nuna cikin jiki.