Hieracium: A Rarraba Shi ko A Dunƙule?

Ɗalibin ilimin tsirrai a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundare zai ci karo da Hieracium lachenalii a littafi kawai, domin ciyawa ce ta Turai mai furen rawaya, wadda ke sake tohowa daga saiwarta duk shekara. Amma danginta ba baƙi ba ne a wajenmu: cikin Asteraceae take, tare da shuwaka da latas ɗin kasuwar Garwa, kuma idan aka karya kararta farin ruwa ke fita kamar na latas.

Tun da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya sa wa jinsin Hieracium suna a 1753 ake fama da rarraba shi zuwa nau'o'i, saboda yawancinsu na yin iri ba tare da barbara ba, 'ya'ya su fito sak uwarsu. Masanan Birtaniya da Suwidin suna ba kowane zuri'a sunansa, har Birtaniya kaɗai ta tara nau'o'i fiye da 400, bisa bambancin gashin ganye ko haƙoran gefensa. Wannan hanya tana kare tsiron da ke tsauni ɗaya tak daga ɓacewa, sai dai ƙwararru kaɗan ne ke iya bin ta.

Karl Zahn, masanin tsirrai na Jamus, kuwa ya dunƙule su cikin manyan nau'o'i masu rassa. Ga mai koyo, na fi amincewa da tasa.