Lesin ɗin da ƙanena soja ya shiga kafin ya sake neman NDA

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa an kira ƙanena gaban kwamitin tantancewa na NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta ƙasa, mutane ke tsayawa a shagona suna tambayar inda ya yi lesin. Yawancinsu iyaye ne ko yayye irina, waɗanda yaransu suka riga suka sa kaki a matsayin ƙananan sojoji amma ransu na kan zama hafsa. Amsar da ake bayarwa a tsaye, ana ciniki ana magana, ba ta gamsar da kowa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wurin wata ƙaramar cibiya ce a bayan kasuwar Kawo, a nan Kaduna, ɗakuna biyu da baranda. Mai ita tsohon samanja ne da ya yi aiki a sashen ilimi na soja har ya yi ritaya, kowa Baba yake kiransa. Ni na biya kuɗin, ni nake kai yaron a babur idan dare ya yi, na kuma sha zama a baranda ina jin abin da ake koyarwa, saboda haka ina da bakin magana.

Ƙanena ya taɓa neman makarantar yana farar hula, bai ko kusa ba. Lissafi ya kayar da shi a WAEC, makin JAMB ɗinsa kuma bai kai inda ake so ba. A shekarar ne mahaifinmu ya rasu, gida ya yi nauyi, sai ya cike takardar kurtu ya tafi Defo a Zariya. Ya fito farabiti, aka turo shi wani bariki a nan kusa. Dangi suka ce alhamdu lillahi, ya samu abin yi, a bar maganar hafsa. Shi kam bai bar ta ba.

Abin da ya fara sa na yarda da wurin nan shi ne ranar farko Baba bai tambaye mu kuɗi ba, takardu ya ce mu zube. Ya ɗauki takardar haihuwa, ya ɗauki biro, ya lissafa shekarun yaron har zuwa watan da sababbin kadet ke shiga makaranta. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙanenka yana da dama, amma ba shi da lokacin wasa." Daga baya na gane dalilin. Ana ɗaukar kurtu daga shekara 18, iyakar da aka saba gani a sanarwar babban kwas na NDA kuwa 21 ce. Idan ka cire watannin Defo, ka cire lokacin da sabon soja ke yi bai isa ya buɗe baki ya nemi komai ba, abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Ɗan farar hula zai iya faɗuwa bana ya zauna gida ya yi bita har baɗi. Soja kuwa yana gadi shekarunsa na tafiya.

A gabana wani kofur ya zo, mutum mai ladabi, shekarunsa sun haura. Ya yi ta roƙo, har ya ce ai akwai inda ake gyara takardar haihuwa. Baba ya ce masa shekarunsa na rubuce a fayil ɗinsa na soja, suna kan NIN, kuma JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN ɗin, to wace takarda zai gyara wacce zai bari? Ya ƙi karɓar kuɗinsa. Amma bai sallame shi haka nan ba. Ya zaunar da shi ya nuna masa ɗaya ƙofar: ya nemi digiri a jami'ar karatu daga gida ta NOUN ko ya yi HND, sannan ya nemi gajeren kwas na hafsoshi, wanda shi ma a NDA ake yi cikin wata tara. Wurin da ke neman kuɗi kawai da ya karɓi na kofur ɗin ya bar shi ya sha wahala a banza. Wannan kaɗai ya isa in ba su yabo.

A wannan duban takardu ne kuma aka gano cewa a sakamakon WAEC na ƙanena sunan kakanmu ne a ƙarshe, a NIN kuma sunan mahaifinmu. Mu ba mu taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Baba ya ce irin wannan ke mayar da yaro gida bayan ya ci kowace jarrabawa, ya sa muka je muka daidaita tun kafin a buɗe rajistar JAMB.

Sai maganar lissafi, wadda ita ce ta kai mu can. Sharaɗin shi ne kiredit biyar, da Turanci da lissafi a ciki, a zama bai wuce biyu ba. Ƙanena yana da sauran, lissafi ne babu, saboda haka aka yi masa rajistar jarrabawar 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara domin ya haɗa da ta farko. Malamar lissafin wata matashiya ce, kuma in gaskiya za a faɗa ita ce rabin darajar cibiyar. Ba ta fara da tambayoyin shekarun baya ba kamar yadda ake yi ko'ina. Ta mayar da su baya can, kan kaso da rabawa da jadawalin sau, abubuwan da babban mutum mai bindiga ke jin kunyar cewa bai iya ba. Tana bayani da Turanci, idan ta ga fuskoki sun ɗaure sai ta juye Hausa ko buroka, ta sake komawa Turancin domin su saba da yadda tambaya ke zuwa. Misalanta daga rayuwarsu take ɗaukowa: ma'aunin taswira, nisan da mota za ta ci da tankin mai ɗaya, rabon abinci tsakanin mutum kaza na kwana kaza. Na ga littafin ƙanena na makon farko, jan biro ko'ina, na kuma ga na watan ƙarshe. Wata rana a shago ya karɓi takardar bashina ya fitar mini da ribar wata cikin ɗari, a kansa, ni ina neman kalkuleta. Yaron da a da ko canji ba na barinsa ya bayar. Da sakamakon ya fito ya samu kiredit ɗinsa.

Akwai wata doka ta Baba da na ga amfaninta ƙwarai. Ajin sojoji daban yake da na yaran gari, kuma a cikinsa babu las kofur babu farabiti. Duk wanda ya shigo ya ajiye igiyarsa a bakin ƙofa. Da an gama su da 'yan sakandare masu shekara 17 da suka fito daga aji jiya, na tabbata babu sojan da zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Lokacin karatun ma an yanka shi daidai wuyan soja. Bayan magariba ne da kuma Asabar da Lahadi. Wanda gadi ya faɗo masa ana tura masa darasin ta WhatsApp, malama ta yi bayani da murya ta ɗauki hoton allo. Da aka tura rukunin su ƙanena aiki hanyar Birnin Gwari, inda ko sabis babu, na je na gaya wa Baba. Ya ce kada in biya na watan, gurbinsa na nan. Da ya dawo, malamar ta riƙa tsayawa da shi bayan an tashi har ya kamo sauran. Sai dai Baba ba ya karɓar sojan da ya sato jiki ya zo babu izini. Yakan ce wanda aka rubuta wa laifi a fayil, da wane ido zai nemi kwamanda ya sa masa hannu? Domin soja ba ya neman NDA da ƙashin kansa kamar ɗan gari, sai da amincewar kwamandansa a rubuce. Baba ya zauna da su ya koya musu yadda ake rubuta takardar neman, da yadda ake bin ta daki-daki, daga saje zuwa samanja har ta kai teburin oga, ba tare da an tsallake kowa ba. Wannan ilimi ne da babu malamin farar hula da zai ba su.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. JAMB a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa biyu, darasi huɗu, maki 400. Wanda hannunsa bai saba da linzami ba zai san amsa amma lokaci ya ƙare masa. Kwamfutocin cibiyar tsofaffi ne, ba su kai yawan ɗalibai ba, wuta kuma idan ta ɗauke sai an jira a haɗa kuɗin man janareto. Dole ta sa na riƙa biya wa ƙanena awa a wani kafe domin ya gwada saurinsa. A shekarun nan mafi ƙarancin makin da NDA ke nema 180 ne, na injiniya 210, amma isa wannan layin ba ya nufin an samu. Ana raba gurabe ne jiha-jiha, saboda haka da 'yan jiharka kake kokawa, kowane maki yana da nauyi. Wurin da ya san haka bai kamata ya bar ɗalibai suna layin kwamfuta ba.

Darasin Turanci ma bai gamsar da ni ba. Malamin karanta tsofaffin tambayoyi yake yi yana faɗin amsa, A ce, C ce, ba ya cewa don me. Hakan na iya tsallakar da mutum a JAMB, amma gaban kwamiti ba zaɓi ake ba ka ba. Manyan hafsoshi ne a zaune suna so ka yi magana, ka faɗi ko kai waye, ka yi bayani kan abin da ke faruwa a ƙasa. Ƙanena bai ji tsoron gudu ko tsalle ba, Defo ta gama masa wannan. Abin da ya hana shi barci shi ne tsayawa ya yi Turanci a gaban kanar, alhali an horar da shi cewa amsarsa ga hafsa ba ta wuce kalma biyu. Wannan matsala ce ta soja musamman, kuma sai da aka kira su sannan aka fara gwada musu hira, a gurguje. Ya kamata a ce tun watan farko ana tsayar da kowa ya yi magana na minti biyu a gaban aji. Na faɗa wa Baba haka, ya ce ya ji.

Ba sa kuma tura ɗalibai gwajin lafiya tun da wuri. Akwai wani yaro a ajin, mai ƙoƙari sosai, sai a ƙarshe aka gano ba ya bambance wasu launuka da kyau. Duk kuɗin da wahalar sun tafi, kuma na ji zafin abin har raina. Cewa mutum ya wuce gwajin kurtu ba ya nuna zai wuce na kadet. Kafin ka biya ko sisi, kai yaronka asibiti a duba idonsa, jininsa da ƙirjinsa. Ƙananan koke kuma: ɗakunan suna da zafi a watan Maris da Afrilu, malamin fiziks ya canza ana tsakiyar karatu, kuma ba sa ba da rasit sai ka matsa.

Wani taimako da ba ya cikin kuɗin lesin shi ne zuwan da Baba ya yi gidanmu. Inna ta ƙallafa rai sai ta ga auren autanta, tunda yana ɗaukar albashi. Ni na yi magana ba ta ji ba. Baba ya zo ya zauna a zaure, ya ce, "Hajiya, makarantar nan ba ta ɗaukar mai aure, kuma idan ya shiga shekara biyar ce, huɗu na digiri ɗaya na horon soja zalla. Ki yi masa haƙuri ki bi shi da addu'a." Ya kuma gaya wa yaron a gabanta cewa ranar da ya shiga Afaka, inda harabar NDA take, babu wanda zai tuna ya taɓa riƙe bindiga a daji, zai koma ƙasa ne, yaran da ya girma su ba shi umarni, idan zuciyarsa ba za ta ɗauka ba gara ya sani tun yanzu. Makarantar da ke fitar da hafsoshi tun 1964 ba za ta sassauta tsarinta saboda shi ba. Inna ta haƙura.

Su kuma masu cewa suna da hanya, a kawo kaza a saka suna, har shagona sun zo. A cibiyar nan ban taɓa jin an yi wa kowa irin wannan tayin ba, Baba ma korar su yake daga barandar. Sai ka ci jarrabawar JAMB da NDA a matsayin zaɓin farko, ka cike fom a shafin makarantar, ka ci jarrabawar tantancewa, sannan kwamiti. Ƙanena ya bi su duka, da aka fitar da jerin ƙarshe sunansa ya fito cikin 'yan jira na jiharmu, waɗanda ake kira idan wani bai zo ba ko an mayar da shi. Yana bakin aikinsa a bariki, mu kuma muna addu'a.

Kuɗin wata bai fi na sauran wuraren lesin na Kawo da Mando ba, ana kuma karɓa kashi biyu idan albashi ya yi jinkiri. Wanda matsalarsa lissafi ce ko takardu, zan ce ya je ba tare da shakka ba. Wanda Turanci ne ciwonsa, ya je amma ya nemi ƙarin malami a gefe, ya ware kuɗin kafe. Rajistar JAMB farkon shekara ake buɗe ta, saboda haka mai buƙatar gyara sakamakon sakandare ya fara zuwa tun damina ba ta ɗauke ba, da takardar haihuwa, NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon nasa duk a hannu.