Wace makarantar ƙwallo za ka kai yaronka? Abin dubawa kafin ka sa hannu

Da daddare Yaya ta kira ni, muryarta cike da murna. Wani mutum ya tsaya a bakin filin unguwarsu yana kallon atisaye, da aka tashi ya kira ɗanta mai shekara 14, ya ce ƙafar hagunsa ta yi masa, ya kuma biyo shi har gida da fom mai tambarin wani kulob na Turai. Za a kai yara gwaji ƙasar waje, abin da ake nema kawai kuɗin fasfo da biza da tikiti, kuma kafin ƙarshen wata. "Ƙanena, ina ganin sarƙar gwal ɗin nan zan sayar," in ji ta. Na ce, "Yaya, don Allah ki dakata mini kwana biyu, kada ki ba kowa ko sisi."

Abin da na zaunar da ita na faɗa mata shi nake so in faɗa wa duk uba ko uwar da Allah ya ba ɗansu baiwar tamaula. Makarantun horar da 'yan ƙwallo, waɗanda yara ke kira akadami, sun yi yawa yanzu. Dukansu suna da riguna masu kyau da hotuna a Facebook, amma tambaya guda ce take rarrabe su: daga ina makarantar take samun kuɗinta? Akwai wadda ribarta sai yaronka ya zama ɗan wasa, akwai wadda ribarta tana aljihunka tun ranar da ka karɓi fom. Ta farko dole ta kula da cin yaron da lafiyarsa da ci gabansa, don shi ne jarinta. Ta biyu kuwa ko ya iya ko bai iya ba, ta riga ta ci kasuwarta.

Kafin a kwatanta su, sai an san dokar da kowa ke tafiya a kanta. Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na FIFA ya hana a ɗauki yaro daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa kafin ya cika shekara 18. Akwai togaciya kaɗan: idan iyayensa suka yi ƙaura don wani dalilin da ba ƙwallo ba, ko yana zaune kusa da iyaka kulob ɗin ma yana kusa da ita, ko kuma tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga mai shekara 16 zuwa 18. Yaron Kano ko Damagaram ko Kumasi kusan ba ya shiga ko ɗaya. Dokar kuma tana cizo. An hana Barcelona sayen 'yan wasa a kanta a 2014, aka bi da Real Madrid da Atletico a 2016, da Chelsea a 2019. A 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya, kuma a kan yaran Najeriya ne da aka shigar ƙasar ba su kai shekaru ba. Manyan 'yan wasanmu ma jira suka yi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma bai taka mata leda ba sai da ya cika 18 a watan Oktoban 2010. Victor Osimhen ya ci 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, duniya ta san shi, duk da haka sai Janairun 2017 ya zama ɗan wasan Wolfsburg. To idan waɗannan sun jira, wa zai ɗauki ɗan shekara 14 daga filin unguwa ya sa masa hannu a Turai?

Zaɓi na farko, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne ƙaramar akadami ta gari ko ta unguwa. Koci ɗaya ko biyu, fili mai ƙura, ƙwallaye 'yan kaɗan a cikin buhu, yaro ya je makaranta da safe ya zo atisaye bayan la'asar, ya kwana a gidan ubansa. Kada ka raina ta. Ahmed Musa daga GBS ta Jos ya fito, Osimhen daga Ultimate Strikers ta Legas, Wilfred Ndidi daga Nath Boys, Kelechi Iheanacho daga Taye Academy ta Owerri, Samuel Chukwueze daga Diamond. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da sunan wani babban kulob na Turai. Ga yaron da bai wuce 15 ba, ni a ganina wannan ce ta fi dacewa, saboda kuɗinta kaɗan ne, karatun boko da na islamiyya ba su tsaya ba, kuma idonka yana kansa.

Sai dai a nan ne ake bukatar bincike sosai, don tsakanin wata da wata akwai nisa. Ka tambaya ko tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, kuma ko ita ma tana yi wa yaranta rajista da sunayensu da ranar haihuwarsu. Wannan ba aikin takarda ba ne kawai. A tsarin FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma shekarun daga 16 zuwa sama rabonsu ya ninka na ƙasa. Da Napoli ta sayi Osimhen daga Lille a 2020 kan kimanin euro miliyan 70, wannan kason kaɗai ya haura miliyan 3. Tun Nuwamban 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa ya tura kuɗin ga masu haƙƙi. Makarantar da ta san wannan, ta kuma yi wa yaranta rajista, tana da dalilin yin haƙuri da ɗanka shekara da shekaru. Wadda ba ta yi ba, ko dai ba ta san sana'arta ba, ko ba nan take sa ran samu ba.

Sannan ka duba wasannin da suke bugawa. Masu farautar 'yan wasa ba sa zuwa kallon atisaye, gasa suke bi: kofin Ramat da ake yi a Kano, wasannin NLO, wato rukuni na uku na gasar ƙwallon Najeriya, gasannin makarantun sakandare, sansanin 'yan ƙasa da 15 da na 17. Yaron da ke atisaye kullum amma ba ya buga wasan gaske a gaban jama'a, ba wanda zai gan shi. Ka je da kanka ranar da ba a sa ranka ba, ka tsaya daga nesa. Koci yana gyara wa yaro tsayuwa da karɓar ƙwallo, ko ihu da zagi kawai yake yi? Akwai ruwan sha? Idan yaro ya faɗi ya riƙe gwiwa, me ake yi masa? An raba yara bisa shekaru, ko an haɗa ɗan 13 da mai gemu?

Zaɓi na biyu shi ne manyan makarantun kwana da ke ɗaukar nauyin yaro gaba ɗaya. Wadda ta fi shahara a yankinmu ita ce Right to Dream ta Gana, wadda Tom Vernon ya kafa a 1999. Ba a biyan ko kwabo, ana karatu na gaske tare da ƙwallo, kuma tun 2015 masu ita suka mallaki kulob ɗin Nordsjælland na Denmak, wato yaron da ya yi fice ya san ƙofar da zai bi idan ya cika 18. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Accra inda Hausa take harshen kasuwa da masallaci, ta nan ya bi: Nordsjælland a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023. Kamaldeen Sulemana ma haka. Abin da ya fi burge ni da ita ba waɗannan ba ne, sauran yaran ne. Da yawa daga waɗanda ƙwallo ba ta kai su Turai ba sun samu gurbin karatu a makarantun Amurka da Ingila. Makarantar da ta yi tanadi domin wanda bai yi nasara ba, ita ce ta san gaskiyar wannan harka.

Senegal tana da irinta guda biyu. Génération Foot, wadda Mady Touré ya kafa a 2000, tana da yarjejeniya da Metz ta Faransa tun 2003, kuma ta wannan hanya Sadio Mané da Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr suka fita. Diambars da ke Saly, wadda Patrick Vieira yana cikin waɗanda suka kafa ta, ita ta fitar da Idrissa Gueye. Matsalar wannan rukuni ɗaya ce: ba kai kake zaɓarsu ba, su suke zaɓa, kuma daga dubban yara 'yan ƙalilan suke ɗauka. Idan suka zo tantancewa kusa da ku, ka kai yaron. Idan wani ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbi a cikinsu, ka san ba daga gare su yake ba.

Na uku, ƙungiyoyin matasa na kulob-kulob ɗinmu na gida. Amfaninsu a bayyane yake: tsani ne, daga ƙaramar ƙungiya zuwa babba, a gaban 'yan kallo da matsin lamba irin na filin Sani Abacha ranar da Pillars ke gida. Wanda ya fi tsari a wannan fanni yanzu shi ne na Ikenne a jihar Ogun, inda Kunle Soname yake da Remo Stars da makarantar Beyond Limits. Yaran Beyond Limits sun ɗauki kofin matasa na Viareggio a Italiya a 2024, Remo Stars ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2025. Yawancin kulob ɗinmu kuwa na gwamnatin jiha ne, haka ma wasu makarantu, kuma abin da gwamna ya kafa yakan yi rauni idan wani ya hau. Ka tambayi iyayen yaran da suka shekara biyu a ciki, ba jami'in da ke raba fom ba. Ga mai shekara 16 ko 17 da ya gama ko ya kusa gama sakandare, wannan hanya tana da kyau. Ka dai tuna cewa dokar FIFA ba ta yarda a ɗaure wanda bai kai 18 ba da kwantiragin da ya wuce shekara 3.

Na huɗu ba zan daɗe a kansa ba: makarantun kuɗi masu ɗauke da sunan manyan kulob na Turai, a Legas ko Abuja. Fili mai ciyawa, koci masu takardar shaida, tsari mai kyau. Idan kana da hali, yaronka zai koyi abu. Amma sau da yawa sunan haya ne, kuma sanya rigar kulob ba ya nufin kulob ɗin ya san da zaman yaron. Ka biya a matsayin kuɗin koyo, kada ka biya a matsayin kuɗin tikiti.

Na ƙarshe shi ne wanda ya zo gidan Yaya, dillali mai jaka da fom. Akwai dillalai na gaskiya, kuma wata rana yaronka zai buƙaci ɗaya. Tun 2023 sai mutum ya ci jarrabawar FIFA ya samu lasisi kafin ya yi wannan aiki, kuma sunayen masu lasisin suna shafin FIFA na intanet, kowa na iya dubawa a waya. Dokar gwaji ma a fili take: kulob ne ke gayyata a rubuce, yaro daga nahiyarmu ba ya zuwa gwajin ƙasar waje kafin kakar da zai cika 16, sai da izinin iyaye, kuma an haramta karɓar kuɗi a kan gwaji. Wanda ya karya waɗannan, ƙarshen tafiyarsa sananne ne. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma, galibi 'yan Laberiya, aka kai su wani kulob a ƙasar Laos da sunan akadami, suna kwana a ƙasa cikin filin wasa. Iyayensu ma sun yi zaton alheri suka nema musu.

Akwai wani abu da nake roƙon iyaye a kansa, ko wace makaranta suka zaɓa: kada ka yarda a rage wa ɗanka shekaru. Za a ce maka kowa haka yake yi. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17. A 2016 yara 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Najeriya ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, mu da muke riƙe da kofin duniya. Yau ga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ga takardar jarrabawa, ga fasfo, duk suna magana da juna. Ƙaryar da aka yi wa yaro yana 14 ita za ta tare masa hanya yana 19, lokacin da kulob na gaske ya zo da gaske.

Mutumin nan mai fom, na nemi ya ba ni lambar lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin mai ɗauke da sunan yaron. Ya ce zai turo da yamma. Bai turo ba, kuma bai sake ɗaga wayata ba. Mun kai ɗan Yaya wata ƙaramar akadami da ke da rajista da hukumar jiha, tafiyar minti ashirin a Keke Napep daga gida. Na ga katinsa da idona, da ranar haihuwarsa ta gaskiya a jiki. Yana aji ɗaya na babbar sakandare, yana atisaye sau huɗu a mako, kuma kocinsa ya mayar da shi baya ta hagu daga gaba, abin da ya ɓata masa rai sati biyu kafin ya saba. Mun yi da mahaifinsa cewa idan ya cika 16 za mu sake zama mu duba ko lokacin neman ƙungiyar matasa ta wani kulob ya yi.