Sharhi: wuni guda daga Cape Town zuwa gonakin inabin Franschhoek a Afirka ta Kudu

Yawon ya ci kuɗinsa, amma sai an fara da tsauni kafin gonaki. Kamfanin da na bi ya juya tsarin: gonaki uku a jere, sannan a hau tsaunin Franschhoek bayan la'asar, a tsaya minti goma a sauko. Wannan asara ce babba. Wurin tsayawar da ke kan hanyar R45 yana fuskantar arewa maso yamma, don haka da yamma rana na cikin idonka, kwarin ya dishe, hoto ya lalace. Da hantsi kuwa rana na bayanka. Layukan inabi sukan fito tsaf kamar kunyoyin da aka ja da igiya, ga fararen gidajen gona, ga garin da Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka fara zama a 1688.

Ga yadda ya fi: a bar Cape Town da ƙarfe bakwai, a bi hanyar N2 zuwa R310, a ratsa Stellenbosch mai nisan kilomita 50 ko kusa da haka, a haura hanyar dutse ta Helshoogte, a zarce tsaunin. Gonaki biyu sun isa, kowace aƙalla awa ɗaya da rabi. Gonar Boschendal, wadda tarihinta ya faro daga 1685, tana da inuwar manyan itatuwa, lambun gonar Babylonstoren kuma shi kaɗai zai cinye awa biyu.

Wanda ba ya shan giya ya faɗa tun wurin yankan tikiti, don kuɗin ɗanɗana giyar inabin gonakin na cikin farashin. Ya nemi ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba. Ruwan inabin da aka rubuta an cire masa barasa daban ne, yakan rage ɗan kaɗan a ciki. Farantin cuku da nama kuma sau da yawa da naman alade, a tambaya. Akwai masallaci a Stellenbosch, a shirya da direba kan azahar.

Janairu zuwa Maris ne lokacin girbi, zafi sosai, kuma iskar kudu maso gabas kan lulluɓe kan tsaunin da gajimare. Yuni zuwa Agusta ruwa ne da sanyi, kurangar inabin ba ganye. A riƙe rigar sanyi ko da rani. A kan tsaunin a ɗaga gilashin mota, gwaggon biri na sauka bakin titi, kuma ya san ledar abinci.