Ɗakin ungozoma a cibiyar lafiyar unguwarmu, Kasala, ƙasar Sudan

'Yar wana shekararta 15, tana hannuna tun da yaƙi ya koro su daga Wad Madani a Disambar 2023. Wata huɗu tana ɓoye mini cewa al'adarta na kai kwana tara, sai ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Da na ce mu tafi cibiyar lafiya ta unguwa, ta riƙe mini mayafi ta ce, "Gwaggo, ai can na matan aure ne, me za a ce a kaina?" Ashe haka ita da ƙawayenta duk suka ɗauka.

Teburin karɓar kati ne ya fara ɓata mini rai. Mutumin da ke wurin ya ɗaga murya yana tambayar ko tana da miji, ga mata masu ciki jere a benci, biyu ma maƙwabtanmu ne. Yarinyar nan kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ɗakin kuma labule ne kawai, ba ƙofa.

Amma ungozomar, wadda a nan muke kira daya, Allah ya saka mata da alheri. Ta ce in ɗan jira a waje, abin ya sosa mini rai, sai daga baya na gane hikimarta, don yarinyar ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa mini ba. Da ta kira ni, ta yi mana bayani a tsanake: a shekarun farko al'ada kan zo ba bisa ƙa'ida ba, amma jinin da ya wuce kwana 7 sai an duba. Aka gwada, jininta ya yi ƙasa. Ta rubuta ƙwayar ƙarin jini, ta ce kada a haɗiye ta da shayi ko jabana, wato gahawarmu ta gargajiya, domin suna hana jiki ya ɗauki maganin. A Kasala kuwa, wa ke wuni bai sha jabana ba? Ta kuma gaya mata bayan gida zai yi baƙi, kada ta tsorata ta daina.

A bango akwai hoton gangamin Salima, na yaƙi da kaciyar mata. Yarinyar ta tambaya, ungozomar ta ce tun 2020 doka ta hana, mai yi zai iya shan ɗaurin shekara 3. Ban taɓa zama da ita na yi wannan maganar ba.

Mun yi awa biyu a layi, maganin ma babu a wurinsu, sai a kantin magani na saya. Duk da haka ina shawartar mai budurwa a gida ta kai ta, amma bayan Azahar, lokacin da benci ya yi sauƙi. Mu ma a lokacin za mu koma ƙarshen wata, ta ce ƙawarta ɗaya za ta biyo mu.