Goyo ko keken jariri: wanne ya dace da zafin Dubai?

Iyaye mata suna yawan tambayata wanne za su ɗauka idan tafiyar ta faɗo a Yuli, lokacin da zafin Dubai ke haura digiri 40.

Goyo ba ya cin kuɗi, zannuwan auduga biyu sun isa. Amma jiki da jiki a wannan zafi yana jawo gumi da ƙuraje, bayan uwa kuma ya gaji.

Keke akwai tsada da nauyi, sai dai a manyan kantuna masu sanyi jariri zai yi barcinsa a sake. Don Allah kar a lulluɓe keken da mayafi, zafi ne ke taruwa ciki.

Mai ɗan wata uku da gajeruwar fita, goyo ya ishe ta. Mai yawon yini da yaro mai nauyi, ta ɗauki keke.